Ranar da Ban Ɗago Kai Ba

Sallama gare ku, 'yan uwana masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce idan ban dawo ba za ta biyo ni Amurka da muciya. Ki ajiye muciyarki, ga ni. Wallahi ba jan rai nake muku ba. Wannan kashin ne ya gagare ni rubutawa. Duk sanda na buɗe kwamfuta sai in rufe ta, in tafi kicin ina wanke kwanukan da ba su da datti.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Ilham. A Tarauni aka haife ni cikin Kano, ina 'yar shekara goma sha uku muka dawo Bowie a jihar Maryland, inda Abba yake aikin likita. Unguwa ce ta gidaje masu ciyawa a ƙofa, kowa da motarsa, ba ka ganin mai tafiya a ƙasa sai wanda kare ya ja shi waje. Wanda nake so kuma sunansa Khalil, ɗan ƙwallo ne. Ba irin tamu ta ƙafa ba, irin tasu ta nan, wadda ake sa hular kwano a yi ta karo kamar raguna.

Bari in ɗan yi muku bayaninta, don ni ma sai da na shekara ina kallo ina gyaɗa kai ba tare da na gane komai ba. A kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi ne mai jifa, su suna ce masa kwatabak. Duk ƙattin ɗaya ɓangaren shi suke nema su danne. Idan ƙungiya ba ta da wanda zai karɓi ƙwallon daga hannunsa ya ruga da ita, kowa ya san jifa zai yi, sai a yi masa rubdugu. To wannan mai rugawa da ƙwallon shi ne aikin Khalil. Shi yake ɗauke wa mai jifa rabin dukan da zai sha.

Khalil yana da aboki, Alexander, tun a jami'a ɗaki ɗaya suka zauna. Shi mai jifa ne, kuma ya riga Khalil gama jami'a da shekara guda. Wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, ba zan faɗi sunanta ba, amma ba ta da nisa da mu, tafiyar mota ce. Yaro ɗanye aka ɗora masa ƙungiya guda a ka, ba a ba shi mai taimako ba. Ya sha duka a shekarar nan, ba a magana. Na gan shi cikin hunturu da ya zo cin tuwo gidan su Khalil a Largo, sai da ya ba Hajiya, mahaifiyar Khalil, haƙuri don da hannun hagu zai ci, na daman ba ya ɗaguwa. Ranar ya dubi Khalil ya ce da Turancinsu, "Idan ba su kawo min kai ba, wannan shekarar a keken guragu zan ƙare ta."

Alexander ya yi ta bin shugabanninsa da magiya har suka yarda za su duba Khalil. Sauran ƙungiyoyi duk sun ja baya da Khalil, saboda an taɓa yi masa aiki a gwiwa. Su kaɗai suka rage masa.

Yadda ake ɗaukar kuwa, a ƙarshen watan Afrilu manyan ƙungiyoyi suke zama su zaɓi 'yan wasa daga jami'o'i, bi da bi, ana nunawa a talabijin tun daga Alhamis har Asabar. Diraf suke ce masa. Ɗan wasa ba shi da ta cewa, nasa kawai ya zauna kusa da waya. Idan layi ya zo kan ƙungiya 'yan mintoci ake ba ta ta miƙa suna, kafin ta miƙa kuma sai ta kira yaron ta ji muryarsa, ta tabbatar yana nan garau. Balle mai tabon gwiwa. An gaya wa Khalil idan za a kira shi, sai can wajen ƙarshe, ranar Asabar da yamma.

Ku riƙe Asabar ɗin nan, don a kanta komai ya rushe.

Ranar Litinin muna cin abinci, Abba ya ajiye cokali, bai ko dube ni ba ya ce, "Ki gaya wa yaron nan ya zo ranar Asabar bayan azahar. Ina son ganinsa kafin in tafi."

Tafiyar Kano zai yi ranar Lahadi, zai daɗe, kuma a can zai zauna da Baffa, yayansa, wanda shi ne zai ba da aurena. Shekara guda ina jiran wannan maganar daga bakin Abba. Mutumin da idan aka ambaci Khalil sai ya ce, "Wai mai wasan nan?" Ga ta ta fito, kuma ta faɗo a kan ranar da bai kamata ba. Na ce, "To, Abba."

Na bi Umma kicin ina murza hannu. "Umma, ranar fa ake zaɓen nan nasu. Ko za ki ce wa Abba a mayar da shi Juma'a?"

Ta juyo da soso a hannu ta yi min kallon uku saura kwabo. "Juma'a yana asibiti har dare. Kuma in je in ce masa me? Saurayin 'yarka ba shi da lokacinka, yana kallon ƙwallo?"

"Ba kallo ba ne, Umma, aikinsa ne."

"Ke kika san wannan. Shi abin da zai ji ke nan. Shekara nawa na yi ina lallaɓa miki shi? Ki rufa wa kanki asiri."

Na hau sama na rubuta wa Khalil. Hausarsa ta ɗan karkace, don yana ƙarami suka baro Zariya, amma da ni yana dagewa ya rubuta ta.

"Abba ya ce ka zo Asabar bayan azahar."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can ya turo: "Wannan Asabar?"

"Ita."

"Zan zo."

"Khalil, diraf fa."

"Sai yamma za su kai kaina. In gaishe shi, in koma Largo kafin la'asar. Ilham, ba ni da uba da zai je min. Idan babanki ya kira, ba zan ce ina da uzuri ba."

Na kifa wayar a ƙirji na yi kuka, rabi na daɗi rabi na tsoro. Mahaifinsa ya rasu suna sabon zuwa ƙasar nan. Hajiya ita ta raine shi da aikin kula da tsofaffi, tsayuwar dare da rana har ƙafafunta suka kumbura. Duk abin da Khalil yake gudu a fili dominsa, don ta zauna ne ta huta.

Ranar Asabar tun da safe Umma ta cire batirin na'urar nan mai ihu idan ta ji hayaƙi, ta turara gidan da turaren wuta har labule. Na sa atamfata mai ruwan zuma, riga da siket, na ɗaura ɗankwali sau ba adadi ina warwarewa. Anti Kaneng ta shigo da tukunyar gwate a hannu. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Jos, ma'aikaciyar jinya, ƙawar Umma ta ƙut da ƙut duk da cocinta daban masallacinmu daban. Ita ce mayyar ƙwallon unguwar. Rigar ƙungiyar su Alexander ta ɗora a kan zaninta, ta kunna ƙaramar talabijin ɗin kicin ta kashe murya.

"Yau biki biyu za mu ci," ta ce tana rangaji. "Suruki da ɗan wasa, duk a mutum ɗaya."

Ba ta rufe baki ba wayar Abba ta yi ƙara. Asibiti ne, wani mara lafiyarsa ya rikice. Ya ɗauki makulli ya ce idan baƙo ya zo a ce ya jira shi, yanzu zai dawo. Duk 'yar likita ta san ma'anar "yanzu" a bakin ubanta.

Khalil ya iso ana idar da azahar, cikin farar shadda da ta kama shi a kafaɗa kamar za ta yage, da hula zanna da ya ara wurin wani kawunsa. Ya cire takalmi a ƙofa ya jera su. Umma ta nuna masa kujera ya ƙi, ya zauna a kan kafet ya tanƙwashe ƙafa, gwiwar nan da aka yi wa aiki tana ƙara. Na kai masa ruwa da zoɓo na dawo kicin. Daga nan muka ci gaba da hira ta waya, bango ɗaya tsakaninmu.

"Kin yi kyau."

"Kai ma. Kada ka yi numfashi da ƙarfi, rigar za ta fashe."

"Hajiya ta ce gidanmu ya cika. Har 'yan masallaci sun zo. Ta dafa shinkafa tukunya biyu."

"Ka tafi to. In ce wa Abba ka zo."

"In tafi kafin ya dawo? Ki daina."

Rana ta yi ta tafiya. A talabijin sunaye suna ta wucewa, ana nuna samari suna rungume iyayensu mata suna kuka. Anti Kaneng ta daina rangaji, ta koma cizon farce. Ta ce ƙungiyar su Alexander zaɓi ɗaya ya rage mata, kuma har yanzu ba ta ɗauki mai gudu da ƙwallo ba. Wayar Khalil kuwa ba ta huta ba, abokai da 'yan uwa kowa yana tambayar ko an kira.

Sai da la'asar ta yi Abba ya shigo, a gajiye, idonsa ja. Ya yi alwala suka yi salla tare a falo, sannan ya hau sama ya canza kaya. A wannan ɗan tsakanin Khalil ya leƙo lungun da ke tsakanin falo da kicin ya yi min alama da hannu. Dokar Abba ce, kowa ya sani, ba a zama gabansa da waya. Ko mu a teburin cin abinci sai mun bar namu a sama.

Ya danƙa min ita, tafin hannunsa jiƙe da gumi. Ya yi ƙasa da murya. "Idan kin ga lambar da babu suna, ki ɗauka. In su ne, ki shigo ki dube ni kawai. Ba sai kin ce komai ba. Ki dube ni, ni zan san yadda zan nemi izini."

"To."

"Kin tabbata?"

"Haba Khalil, kallo ne fa kawai."

Haka na faɗa masa, har da 'yar dariyata.

Abba ya sauko cikin jallabiya, aka ja ƙofar falo. Ni da Umma da Anti Kaneng muka yi jugum a kicin, ba ka jin komai sai tsuwar mai a tanda, don Umma ta fara suyar waina. Waya ta yi ƙara, abokinsa ne, na kashe. Ta sake, ɗan ƙanwar Hajiya ne, na kashe. Na cire mayafina na rataye a kujera saboda zafin murhu.

Sai Anti Kaneng ta miƙe tsaye tana nuna talabijin da ludayi. "Layi ya zo kansu. Ilham, layi ya zo kansu!"

A daidai nan wayar ta girgiza a hannuna. Lamba ce tsirara, babu suna.

Na ɗauka. Muryar wani dattijon Bature ce, bayansa hayaniya kamar tasha. Ya ambaci sunan ƙungiyar, ya ce da Khalil yake son magana. Na ce yana nan, yana tare da mahaifina, yanzu zan kai masa.

"Yana lafiya? Me ya sa ba shi ya ɗauka ba?"

"Lafiyarsa lau, wallahi lafiyarsa lau."

"'Yan mata, agogo yana tafiya. Muryarsa nake so in ji, yanzu."

Anti Kaneng ta tura ni ta baya. "Ruga! Me kike jira? Ruga!"

Na yi taku biyu, Umma ta cafke min hannu. "Haka za ki faɗa musu? Kai babu mayafi, hannu rabbana, gaban ubanki da baƙo? Ɗauki tiren shayin nan ki shiga da shi kamar 'yar mutane."

"Maman Ilham, babu lokacin shayi!" in ji Anti Kaneng.

"Kaneng, ba ki san mutumin nan ba. Idan ta banka masa ƙofa da waya a hannu, maganar auren ta mutu a nan."

Kada ku ga laifin Umma. A ranta gyara take yi, kuma abin da ta faɗa game da Abba gaskiya ne. Na yafa mayafi, Umma ta jera kofuna, har da gyara cokali ya kalli gefe ɗaya. Na cusa wayar ƙarƙashin mayafin na danne ta da gwiwar hannu a jikin haƙarƙarina. Ina jin muryar mutumin tana fitowa ƙasa-ƙasa, yana ta cewa halo.

Na yi sallama na tura ƙofa da ƙafa.

Abin da na tarar ban yi tsammaninsa ba. Abba ya sauko daga kujerarsa ya zauna a kafet, abin da ban taɓa gani ya yi wa wani saurayi ba. Yana cewa, "Na sa an bincika min a Zariya. Duk wanda aka tambaya game da mahaifinka sai ya yi masa addu'a kafin ya ba da amsa. Irin wannan gadon ba a saye." Khalil kansa a sunkuye, hawaye yana ɗiga a kan farar shaddar.

Na durƙusa na ajiye tire. Tunda nake ban taɓa furta sunan Khalil a gaban Abba ba, ranar ma bakina bai iya ba. Na ce, "Abba, ana neman baƙo a waya."

Abba ya dube ni ta saman tabarau. "Tun ɗazu nake jin tana kuka a kicin. Duk mai nema zai sake kira." Ya juya wurin Khalil a hankali. "Ko kana da abin da ya fi wannan zaman?"

Na ji idon Khalil a kaina, wallahi na ji shi kamar yadda ake jin zafin murhu a gefen fuska. Jira yake in ɗago. Abba kuma ya dawo da kallonsa kaina, yana jiran ya ga irin tarbiyyar da ya yi.

'Yan uwa, ku zage ni, na yarda. Na sha tambayar kaina abin da ya riƙe min wuya. Tun ina yarinya aka koya min cewa 'ya mace ba ta haɗa ido da namiji a gaban mahaifinta, balle wanda ya zo neman aurenta. Ba a taɓa zaunar da ni an karanta min ba, a jikina kawai na taso na same shi. Zuciyata tana ihu tana cewa ɗago, ɗago, wuyana ya ƙi. Na kafe idona a kan wani zanen fure na kafet, na ce a raina bari Abba ya kawar da kai tukuna, daƙiƙa ɗaya kawai. Abba bai kawar ba.

Na ji Khalil ya saki numfashi. Ya ce, "Babu, Abba. Abokai ne, zan kira su daga baya."

"Madalla. Zuba mana shayin, Ilham."

Na zuba. Na sa wa Abba sukari cokali ɗaya yadda yake so, na tura wa Khalil nasa, ban zubar da ko ɗigo ba. A jikin haƙarƙarina muryar nan ta yi shiru.

Ina fita na jingina da bango na zaro wayar. An kashe. Na bi lambar, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake bi. Kafin ta shiga wani kiran ya faɗo, wakilin Khalil ne, mutumin da yake shige masa gaba wurin ƙungiyoyi, yana ihu har muryarsa tana sarƙewa. Ina Khalil? Ya ce mutanen ƙungiyar sun kira shi, shi wakilin, suna tambaya ko gwiwar ce ta tashi aka ɓoye musu. Wane irin mutum ne zai bar wayarsa a hannun wata a rana irin ta yau? Na katse kiran.

Da na shiga kicin ban tambayi kowa ba. Anti Kaneng tana zaune a kan buhun shinkafa ta dafe kai. A talabijin ga wani yaro can wata jiha mai nisa, an sa masa hular ƙungiyar su Alexander, uwarsa ta rataye a wuyansa. A ƙasan hoton an rubuta aikinsa, irin na Khalil ne sak.

Umma tana tsaye a gaban tanda, waina tana ƙonewa ba ta juya ta ba. Can ta ce, "Allah bai nufa ba." Muryarta ba ta fita sosai ba, kuma ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Saƙonnin Alexander suka fara shigowa, ina ganinsu a fuskar wayar ko ban buɗe ba.

"Ɗauki waya."

"Ɗan'uwa, ɗauki waya, ina ɗakin tare da su."

"Ina kake?"

Na ƙarshen ya ce, "Na roƙe su har agogo ya kusa cika. Sun ɗauki wani."

Na zauna a ƙasan kicin da atamfata da komai. Sauran sunayen suka ci gaba da wucewa, ina bin kowanne da ido ko wata ƙungiyar za ta yi kuskure ta ambace shi. Babu wadda ta yi. Aka rufe zaɓen, masu sharhi suka tattara takardunsu suna dariya. Ta cikin bango kuma ina jiyo dariyar Abba, irin wadda rabona da ji tun muna Kano.

Gab da magariba aka buɗe ƙofa. Abba ya leƙo kicin fuskarsa a sake, ya ce wa Umma, "Yaron nan yana da tarbiyya. Na shanya shi wuni guda bai nuna ƙosawa ba, aka kira shi a waya ko motsi bai yi ba. Irin wannan ake ba wa 'ya. Na ce idan na dawo ya turo magabatansa." Ya dube ni. "Ki raka baƙonki mota."

Ina fita na ji yana tsokanar Anti Kaneng. "Kaneng, ke da kike cika mana unguwa da ihu idan ana ƙwallo, yau an ba da 'yarki kin yi shiru? Ina guɗar?" Babu wanda ya gaya masa komai. Wa zai fara?

Khalil yana tsaye jikin motarsa, hular ta karkace, bakinsa har kunne. Maƙwabcinmu na can yana yankan ciyawa, ƙamshinta ya cika layin. Tunda na san Khalil ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na lokacin ba, kuma ni ce zan kashe shi.

"Ilham, ya yarda! Kin ji abin da ya ce a kan babana? Ya ce min ɗana. Sau biyu ya faɗa." Ya miƙo hannu yana dariya. "Kawo wayar, Allah ya sa ba su kai kaina ba tukuna."

Na miƙa masa.

Ya fara bi da babban yatsa. Na ga dariyar tana janyewa kaɗan-kaɗan, har ta bar fuskar. Ya karanta na Alexander, ya koma sama ya sake karantawa. Ya buɗe jerin kira ya tsaya a kan lambar nan da babu suna, wadda aka nuna an ɗauka. Wayar ta fara ƙara a hannunsa, sunan Hajiya ya fito. Ya zuba mata ido har ta katse.

"Lokacin da kika shigo da shayi," ya ce, muryarsa a kwance. "Su ne?"

"Su ne."

"Suna kan layi?"

"Suna ƙarƙashin mayafina."

Ya cire hular ya riƙe ta da hannu biyu yana juya ta. Da ma ya yi min tsawa, da ma ya buga motar da hannu, da na samu abin riƙewa. Bai yi ko ɗaya ba.

"Na dube ki, Ilham. Ina ta dubanki. Da na ga ba ki ɗago ba sai na ce alhamdulillahi, ba su ba ne."

"Abba yana kallona, Khalil. Na yi ƙoƙari, wallahi na yi, wuyana ne..."

"Na sani." Ya gyaɗa kai. "Na san irin gidan da na zo nema."

Ban san ko yabo ba ne ko kuwa shi ne mafi munin abin da aka taɓa gaya min. Har yau ban sani ba. Na ce masa ko za a iya kiransu a yi musu bayani, ko Alexander zai iya yin wani abu. Ya ce sun riga sun ɗauki wanda zai yi aikin, ba sa bukatar biyu. Ya ce, "Alex zai samu mai kare shi. Wannan ma wani abu ne." Sai muryarsa ta karye a kan sunan abokin nasa, ya juya min baya ya buɗe mota.

Daga cikin gidanmu guɗa ta tashi. Muryar Anti Kaneng ce, tana rawa, tana yankewa a tsakiya tana sake ɗauka, guɗar wadda aka sa dole. Maƙwabcin ya kashe injinsa yana leƙe.

Khalil ya sauke gilashi. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma ya yi min murmushi, kuma murmushin ya fi komai ciwo.

"Shiga ciki," ya ce. "Taki ake yi."

Ya ja motar a hankali. Na tsaya a kan ciyawa babu takalmi ina bin fitilunsa da kallo har ƙarshen layi. Hagu ce hanyar Largo, inda Hajiya take zaune da gida cike da mutane da shinkafar da ba a buɗe ba. Ya daɗe a tsaye a mahaɗar, babu motar da ta tare shi. Sannan ya juya dama, ya bar hanyar gida.